Yadda ake tsintar sikalop a gaɓar tekun Florida

Sikalop halittar teku ce mai ɓawo biyu, kusan irin makankarin da ake samu a rafi. A Amurka, daga garin Steinhatchee zuwa garuruwan Crystal River da Homosassa, a yammacin jihar Florida, iyalai na fita tsintarsa lokacin zafi. Ba a buƙatar ƙugiya, ido da hannu ne ke aiki.

Da farko ka duba ranakun da hukumar kula da kifi da namun daji ta jihar, FWC, ta ware wa yankinka, domin sun bambanta. A Crystal River akan buɗe ne ranar 1 ga Yuli. Ka yanki lasisin kamun kifin teku, sai dai in kana cikin jirgin haya mai lasisinsa. A yawancin yankuna galan 2 da ɓawonsa ne rabon mutum a rana, jirgi kuma ba ya wuce galan 10. Sayarwa haramun ne a dokar jihar.

Ka fita da sassafe, domin da yamma hadari da tsawa kan taso. Kafin kowa ya shiga ruwa a ɗaga jar tuta mai farin layi a karkace, don sauran jirage su san akwai mutane a ƙasa.

Sanya gilashin ninkaya da bututun numfashi, riƙe jakar raga, ka kwanta a saman ruwa inda zurfin bai wuce tsayin mutum ɗaya ko biyu ba, a kan ciyawar teku. Nan ne gwanintar take. Sabon shiga kan yi ta sauri, alhali ɓawon ya saje da ciyawa. Yi a hankali, ka fi duba bakin ciyawa inda ta haɗu da yashi. Abin da ke tona wa sikalop asiri shi ne jerin ƙananan idanu shuɗaye a gefen ɓawonsa. Da ka gani, nutsa ka kamo shi ta baya, in ba haka ba ya tafa ɓawo ya tsere, wani lokacin har ya matse maka yatsa.

A jirgi ka zuba su cikin akwatin sanyi a kan ƙanƙara, amma kada narkakken ruwan ya taɓa su, ruwan daɗi na kashe su. Sanyi na sa su buɗe baki, sai gyara ya yi sauƙi. Juya ɓangare mai duhu sama, zura cokali ka yanke tsokar daga ɓawon sama, kankare kayan cikin, farar tsokar kaɗai ake ci. Minti ɗaya ko biyu a kasko mai zafi da man shanu ya wadatar, in ta daɗe sai ta yi tauri.