Kurakuran da malamanmu suke maimaitawa a kwas ɗin CELTA na wata guda

Tun da na dawo daga Alƙahira da takardar shaidar koyar da Turanci, kusan duk shekara sai wani daga cikin ƙannenmu malamai ya kira ni da tsakar dare daga ƙasar da ya je yin kwas ɗin, murya a sanyaye, yana cewa, "Malam, an kayar da ni a darasi." Abin da yake ba ni takaici shi ne yawanci a mako na biyu ake yin wannan kira, kuma idan na bi ba'asi sai in tarar ramin da na faɗa a lokacina shi ne ya rufta da shi. Na gaji da maimaita magana ɗaya a waya, shi ya sa na ga ya dace in rubuta ta.

Ga wanda bai san kwas ɗin ba, CELTA shaida ce da sashen jarrabawar Turanci na jami'ar Kambirij yake bayarwa, kuma cibiyoyi a ƙasashe da yawa suna gudanar da ita a cikin mako huɗu zuwa biyar. Akwai awa 120 na zama da masu horarwa, da wasu kimanin awa 80 na karatu da shiri da mutum zai yi shi kaɗai. A cikin wannan lokaci zai koyar da ɗalibai manya na gaske har tsawon awa 6 a matakai biyu daban-daban ana kallonsa ana ba shi maki, zai kalli ƙwararrun malamai suna koyarwa na wasu awa 6, sannan ya rubuta jinga huɗu, kowace mai kalmomi 750 zuwa 1,000. Babu jarrabawar ƙarshe da mutum zai yi hadda ya tsallake, domin kowace rana ita ce jarrabawar.

Kuskuren da ya fi kowane cin mutanenmu shi ne yawan magana a gaban aji, kuma ya fi kama wanda ya daɗe yana koyarwa fiye da sabon shiga. Ni na tafi da shekara tara ina koyar da Turanci a sakandare, a ajin da yara suka haura tamanin, inda malamin kirki shi ne mai ƙarfin murya wanda zai cika allo da bayani yara su kwafa. Da wannan tinƙaho na shiga darasina na uku, wanda aka ba ni minti 45 in koyar da yadda ake amfani da "used to" wajen faɗin abin da mutum ya saba yi a da amma ya bari. Ɗalibai goma sha biyu ne, cikinsu da wani direban tasi, da mata biyu 'yan Sudan, da wani dattijo mai ritaya da yake zuwa da ƙaramin ƙamus a aljihun riga. Na tsaya na zuba bayani kamar mai wa'azi, na kawo ƙa'ida da abin da ya saɓa wa ƙa'ida, na rubuta misalai har allo ya cika, duk bayan ɗan lokaci ina tambaya ko sun gane, su kuma suna gyaɗa kai cikin ladabi. Na fito ina jin cewa na burge kowa. Da aka zauna bitar darasi, mai horarwar ta juyo da takardarta ta nuna mini inda ta riƙa rubuta lokaci a gefe: na yi magana minti 31, kuma babu ɗalibi ɗaya da ya haɗa jimla tasa ta kansa da abin da na ce na koyar. An rubuta cewa darasin bai kai mizani ba.

Na daɗe ban ji kunya irin ta wannan yammaci ba, kuma har yau ina jin zafin cewa babu wanda ya faɗa mini kafin in tafi. Gyaɗa kai ba shaidar ganewa ba ce, musamman ga babba da yake jin nauyin ya nuna gazawarsa a gaban baƙi. Tambayar "kun gane?" ba ta da amfani ko kaɗan, domin amsarta ɗaya ce a ko'ina a duniya. Abin da ake so shi ne gajerun tambayoyi da ba za a iya amsa su daidai ba sai an fahimci ma'anar. Idan jimlar ita ce "I used to live in Aswan", sai ka tambaya ko mai maganar yana zaune a Aswan yanzu, ka jira su ce a'a. Ka tambaya ko kwana ɗaya ya yi ko ya daɗe, ka jira su ce ya daɗe. Cikin minti biyu ka gama abin da na ɓata rabin awa a kansa, ragowar lokacin kuma ka haɗa su biyu-biyu su ba juna labarin yarintarsu, kai kana zagayawa kana saurare kana rubuta kurakuran da za ku gyara tare a ƙarshe. Dabarar da na ɗauka daga ranar, wadda ban ce kowa zai yarda da ita ba, ita ce na riƙa rubuta duk umarnin da zan bayar kalma da kalma a shirin darasi, in soke duk wanda ya wuce kalma goma, sannan in manna wata 'yar takarda a kan teburina da aka rubuta "yi shiru" da Hausa, yadda babu mai iya karantawa sai ni. Bayan na yi tambaya kuma ina ƙirga ɗaya zuwa biyar a zuciyata kafin in sake buɗe baki, saboda malami mai gaggawa shi yake amsa tambayarsa da kansa.

Kuskure na biyu yana biyo bayan na farko kamar inuwa, wato gardama da mai horarwa. A nan ne nake so in yi wa 'yan'uwana faɗa, domin na ga malamai masu furfura suna ɓata wata guda suna kare kansu. Bayan kowane darasi ana zama da mai horarwa da sauran abokan rukuni, waɗanda ba su wuce shida ba, kowa ya faɗi abin da ya gani. Mutuminmu sai ya ji an taɓa masa girma idan yarinya 'yar shekara ashirin da biyu da ba ta taɓa riƙe alli ba ta ce umarninsa ya yi tsawo, sai ya fara kawo tarihin ɗaliban da ya yaye da yadda ake yi a makarantarsu. Ni ma na yi haka, na ce wannan tsari ba zai yi aiki a aji mai yara tamanin ba. Maganata tana da ƙanshin gaskiya, sai dai ba wurinta ba ne, domin ba don ajin yara tamanin na biya kuɗi ba, kuma mai horarwar ba ta da wani gurbi a takardarta da za ta rubuta uzurina. Abin da take dubawa a darasi na gaba shi ne ko abubuwa biyu ko uku da ta lissafa mini na gyara su. Wanda ya gyara ana ganin yana ci gaba ko da darasinsa yana da wasu matsaloli. Wanda ya dawo da aibi ɗaya sau uku kuwa, takardar gargaɗi ce take jiransa. Saboda haka ka shiga zaman bita da littafi da biro, ka rubuta, ka yi tambaya idan ba ka fahimci abin da ake nufi ba, ka kwafi waɗannan abubuwa a saman shirin darasinka na gaba a matsayin burinka. Idan akwai gardamar da take cinka, ka ajiye ta har ka karɓi takardarka, sannan ka gwada a ajinka ka ga abin da ya dace da yaranka.

Akwai kuma masu raina aikin share fage da cibiya take aiko wa mutum bayan an ɗauke shi, suna cewa za su duba shi a jirgi. Iya Turanci daban yake da iya fayyace shi ga wanda bai san shi ba. Mu da muka koyi harshen a makaranta muna da wata fa'ida a nan a kan Turawan da suka tashi da shi, domin mun san sunayen lokutan fi'ili kuma mun san inda takalmi yake matsa wa mai koyo. Inda muke tuntuɓe shi ne furuci. Za a sa ka rubuta kalmomi da alamomin sauti, waɗanda a jadawalin Turancin Ingila suka kai 44, ka kuma nuna gaɓar da ake ƙarfafawa a kowace kalma. Bahaushe ya san yadda sautin p yake zame masa zuwa f, su kuma Larabawa yana zame musu zuwa b, don haka na tsinci kaina wata rana ina ƙoƙarin gyara wa direban tasin nan "barking" zuwa "parking", alhali abin da yake fitowa daga bakina ya fi kusa da wata kalma da ba a faɗinta a aji. Ajin ya yi dariya, ni ma na yi, amma daga ranar ina ɗaukar muryata a waya kowane dare ina sauraren kalmomin da zan koyar gobe. Da na fara haka wata biyu kafin tafiya da ya fi mini.

Maganar masauki ba ƙarama ba ce, ko da yake mutane suna ɗaukarta haka. Don in rage kashe kuɗi na sauka wurin ɗalibanmu na gida da suke karatu a Azhar, mutanen kirki da suka karɓe ni hannu bibbiyu, amma gidan yana can gefen gari, kuma duk wanda ya san cunkoson motocin Alƙahira ya san abin da hakan yake nufi. Kullum ina asarar kusan awa uku a hanya, in dawo in tarar da baƙi sun zo gaishe da malami daga gida, ana shayi ana hira, kunya kuma ba za ta bar ni in tashi ba. Sai bayan sha ɗaya na dare nake buɗe kwamfuta. A mako na biyu na koma wani ɗan ɗaki da nake takawa da ƙafa zuwa cibiyar, na kuma gaya wa kowa cewa zumunci sai an gama. Ka yi wannan lissafi tun kafin ka sauka daga jirgi, kuma iyalinka ma su sani cewa wata guda ba za ka iya sasanta rigimar gida ta waya ba.

Kwanan zaune a kan shirin darasi shi ma kuskure ne da yake shigar burtu da sunan ƙwazo. Na ga waɗanda suka ɓata awa shida suna neman hoto mai kyau da yanka ƙananan katuna masu launi, suka bar nazarin ma'ana da siga da furucin abin da za su koyar, wanda shi ne mai horarwa take fara karantawa. Ni na sa wa kaina doka cewa ƙarfe ɗaya na dare kwamfuta take rufuwa ko an gama ko ba a gama ba, domin malamin da bai yi barci ba ba ya jin abin da ɗalibansa suke faɗa. Ka fara da tambayar abin da ɗalibai za su iya yi a ƙarshen darasin, ka gina sauran daga baya zuwa gaba, ka kuma ware wa aikin ƙarshe lokacinsa, tun da shi ne kullum yake salwanta idan gabatarwa ta yi tsawo.

Jinga kuwa a yi ta da zarar an bayar. Ana ba mutum damar sake miƙa kowace sau ɗaya idan ba ta yi ba, kuma wannan ba abin kunya ba ne, amma wanda ya faɗi fiye da ɗaya a cikin huɗun ba zai sami shaidar ba komai kyan koyarwarsa. Yawancin masu faɗuwa ba su karanta sharuɗɗan da aka rubuta a takardar tambaya ba, ko sun yi kwafi daga intanet ba tare da faɗin inda suka samo ba.

Sauran ƙanana ne. Kada ka raba takardun aiki kafin ka gama ba da umarni, domin da zarar takarda ta shiga hannu idanu sun bar kanka. Kada ka bar buga takardu sai da safe, lokacin da mutum goma sha biyu suke layi a kan firinta ɗaya. Ka koyi sunayen ɗalibanka a ranar farko. Kada ka yi fashin rana ko ɗaya, saboda ana bukatar cikakken halarta. Kada kuma ka sa ranka a kan darajar A ko B har ka manta cewa cin kwas ɗin ma kawai shi ne abin da mafi yawan mutane suke fita da shi, kuma da shi suke samun aiki.

Abin da ya rage ya kamata a duba shi tun kafin a biya ko sisi. Takardun koyar da Turanci da ake tallatawa a intanet da araha suna da yawa, wasu a ƙarshen mako ɗaya ake gama su, kuma manyan makarantu ba sa kallon shaidar da babu koyarwa ta gaske a gaban mai sa ido a cikinta. Ka tabbatar cibiyar tana cikin jerin da Kambirij ta amince da su, ko kuma ka nemi takwarar wannan shaida ta kwalejin Trinity da ke Landan, wadda ita ma ake karɓa. Sannan kada ka ɗauka cewa shaidar tana buɗe kowace ƙofa. Koriya ta Kudu, alal misali, tana ba da bizar koyar da Turanci ne ga masu fasfon ƙasashe bakwai da suka haɗa da Amurka, Birtaniya, Kanada, Ayalan, Ostireliya, Niyu Zilan da Afirka ta Kudu, kuma wasu makarantu a wasu ƙasashe har yanzu fasfo suke dubawa kafin ƙwarewa. Wani ƙanenmu ya sayar da filinsa ya yi kwas ɗin, ya ci da daraja mai kyau, sai bayan ya dawo ya fara binciken ƙa'idar bizar ƙasar da yake mafarkin zuwa. Yanzu yana shirya ɗalibai don jarrabawar IELTS ta gwada ƙwarewa a Turanci a Kano, yana kuma samun rufin asiri, amma da ya karanta tallace-tallacen aiki ashirin na ƙasar kafin ya sayi tikiti, da filin yana nan.