Ku gwada igiyar wuyan hannu kafin ku taɓa allon lantarki

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman sababbin shiga aikin gwada kayan lantarki na tauraron ɗan'adam.

Kun san ɗan tartsatsin nan da ke tsinke mutum idan ya taɓa ƙofar mota da hunturu? Jiki ba ya jinsa sai ya kai wajen volt 3,000, alhali wasu ƙananan sassan da muke gwadawa ƙasa da volt 100 ma ya isa ya lahanta su. Abin da ya fi damuna, ba lallai allon da sassan ke kai ya mutu nan take ba. Zai ci gwajin girgiza, ya ci na zafi da sanyi a tukunyar da aka zuƙe wa iska, sai an harba shi sama sannan ciwon ya fito. A can kuwa babu mai hawa ya gyara.

Don haka kowace safiya ku sa igiyar wuyan hannu, wadda ke sauke irin wannan lantarkin daga jikinku zuwa ƙasa, a na'urar gwaji, ku rubuta sakamakon. Ƙarfenta ya taɓa fata, kada ya hau kan hannun riga. Wayar cikinta takan tsinke roba na nan lafiya lau.

Ku riƙa duba ma'aunin laimar iska kuma, domin busasshiyar iska tana ƙara wannan tartsatsin. Idan ya sauka ƙasa da kashi 30, ku dakata, ku sanar da shugaban ɗakin gwaji.