Yadda za ku shirya tafiya Urushalima a ƙungiyance

'Yan'uwa na Sabon Tasha da Narayi a Kaduna masu tambaya kan tafiya ibada Urushalima, ga yadda ake yi. Ku fara adashe tun shekara guda kafin tafiyar, don kuɗin kujera ba wasa ba ne, sannan kowa ya duba fasfo ɗinsa, in saura ƙasa da wata 6 ya ƙare to a sabunta tun yanzu. Rajista kuma ta hukumar NCPC, wato hukumar maniyyata Kirista ta Najeriya, ko ofishin maniyyata na jiha za ku bi, kar ku miƙa wa ɗan kamasho ko sisi.

Takalmi dai takalmi! Ku nemi mai laushi, don Via Dolorosa, hanyar da ake cewa Yesu ya bi ɗauke da gicciye, tasha 14 ce kan duwatsu masu santsi ga hawa ga sauka ga cunkoso, su Mama da Baba a haɗa kowannensu da matashi ɗaya ya riƙe hannu. A Baitalami ƙofar cocin haihuwar Yesu gajera ce, sai kun sunkuya. In Disamba ce ku ɗau rigar sanyi mai kauri, sanyin can ya fi hunturun Kaduna cizo. Tsaraba kuma ku saya kafin yammar Juma'a, shagunan Yahudawa na rufewa saboda Asabaci.