Yadda ake warware babbar lamba: misalin 720,720

Kafin a ce komai game da babbar lamba, sai an san ƙananan lambobin da aka ninka suka haife ta. Waɗannan su ne lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu: 2, 3, 5, 7, 11, 13, 17, haka har gaba. Su ne tubalan kowace lamba.

A fara da 2, kada a bar ta sai ta ƙi shiga. 720,720 ta koma 360,360, sai 180,180, sai 90,090, sai 45,045. Nan ta zama mara, 2 ta shiga sau huɗu ke nan. A rubuta wannan a gefe, domin za a buƙace shi.

Sai 3. A tara alƙaluman 45,045, za a sami 18. Tunda 18 na rabuwa da 9, lambar ma za ta rabu: 15,015, sannan 5,005. Jimillar alƙaluman 5,005 kuwa 10 ce, don haka 3 ta gama aikinta. Wannan dabara ta tara alƙaluma tana aiki ga 3 da 9 kawai. Masu gwada ta a kan 27 suna samun amsa marar kyau. 5 ta shiga sau ɗaya, saura 1,001, wadda ita ce 7 × 11 × 13.

1,001 ta cancanci a haddace ta. Duk lamba mai alƙaluma uku da aka rubuta sau biyu a jere, kamar 315,315, ninkin 1,001 ce. Mai ido zai ga 720 × 1,001 tun kallon farko, ya rage wa kansa rabin aiki.

Yaushe ake daina gwaji? Idan lambar da za a gwada, an ninka ta da kanta, ta wuce abin da ya saura. Da 1,009 ce ta saura, a tsaya a 31, domin 37 × 37 ya kai 1,369. Tunda babu wadda ta shiga, 1,009 ba ta rabuwa.

Yanzu a ƙirga lambobi nawa ne ke raba 720,720 ba tare da saura ba. A ƙara 1 a kan yawan shigar kowane tubali, sannan a ninka: 5 × 3 × 2 × 2 × 2 × 2 = 240. Inda aka fi tuntuɓe shi ne mantawa da ƙarin 1 ɗin, sai amsa ta fito 8. Dalilin ƙarin shi ne, mai rabawa na iya ɗaukar 2 sau ɗaya, biyu, uku, huɗu, ko kuma ya bar ta gaba ɗaya, zaɓi biyar ke nan. Cikin 240 ɗin har da 1 da lambar kanta.

Babu lambar da ke ƙasa da 720,720 mai masu raba ta da yawa haka, kuma ita ce mafi ƙanƙanta da ke rabuwa da kowace lamba daga 1 zuwa 16. Da 17 kuwa sai ta bar saura 5.