Kurakuran da ake tafkawa wajen ɗauko girki daga waya

Sau uku a watan nan ana kirana a kan magana ɗaya: "Anti, wallahi na bi yadda aka ce sak, amma abin ya ƙi." In na tambayi wanda ya ce, sai a ce ai a TikTok aka gani, ko a YouTube, ko wata ce ta turo a WhatsApp. Ni ma ina kallo, kuma na ƙaru, don a can na koyi naɗin samosa. Amma bakina ya gaji, gara in rubuta sau ɗaya in huta.

Abin da ya fi kayar da mutane shi ne awo. An ce kofi biyu na fulawa, ke kuma kin ɗauko kofin shayin maigida. Kofin da masu girkin Amurka ke nufi na awo ne, yana cin kusan mililita 240. Gwangwanin madarar ruwa da muka saba da shi wajen kashi biyu cikin uku na wannan kawai yake ci. Cokali ma iri biyu ne: ƙarami mililita 5, babba 15, wato ninki uku. In mai bayani ta ce "cokali ɗaya" ta yi gaba, ba ta gaya miki komai ba.

Wannan cokalin ne ya kunyata ni, har yau in na tuna sai na ji zufa. Shekarata ta farko a gidan miji, ƙanwarsa ta haihu, aka raba aikin suna, ni da bakina na ce a bar min masa. Ban taɓa yin masar taro ba, sai dai ina da wani saƙo da aka turo min a waya: shinkafa gwangwani huɗu, yis cokali ɗaya, a bari ya kwana. Na jiƙa mudu uku, na kai inji, na ninka yis da babban cokali, na rufe ƙullu bayan isha. Watan Afrilu ne fa, a Kano, lokacin da ko bango ka taɓa da dare da ɗumi. Kafin asuba ƙullu ya ture murfi ya malale a tsakar kicin, tsami kamar an matse tsamiya. A ruɗe na tuna ana karya tsami da ruwan kanwa, sai na antaya ba lissafi. Masa ta fito rawaya, tana warin sabulu, ga ta kama tanda ta ƙi juyuwa.

Hajiya ta leƙo, ta gutsuri ɗaya, ta tauna a hankali. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri." Ta ce, "Ba komai, 'yar nan, kowa da ranarsa," ta kira yaro ta aike shi gidan mai masa ta layin baya. Da ma ta yi min faɗa, da na fi samun sauƙi.

Laifi uku na haɗa a dare ɗaya. Ban san wane cokali ake nufi ba. Ban tambayi kaina a wane yanayi mai saƙon ta yi nata ba, alhali ƙullun da zai kwana lafiya da hunturu, da bazara awa uku ko huɗu sun ishe shi. Mafi muni, na yi gwajin farko ranar taro. Haba! Wa ya aike ki? Sabon girki a kan gwangwani ɗaya ake gwada shi, ranar da ba baƙo, ta yadda in ya lalace daga ke sai kaji za ku sani. Ni yanzu sai na yi abu sau biyu ya fito kafin ya ga idon dangin miji.

Sai maganar kaya. Bidiyo yana nuna miki hannu, ba ya nuna miki buhun da aka ɗebo. Masa da sinasir farar shinkafar tuwo suke so. Ki ɗauko wadda aka turara, irin ta dafa-duka, ki jiƙa ta kwana biyu, ba za ki ga laushin nan ba. Haka bekin soda da bekin fauda: kamanninsu ɗaya, aikinsu daban. Soda ta fi ƙarfi wajen ninki uku, kuma sai da abu mai tsami, kamar nono ko lemon tsami, take aiki. Ki sa ta a madadin ɗayar, kek ya yi ɗaci, ki zo kina zagin mai bidiyo.

In an ce a gasa a 350, ma'aunin Amurka ne, a namu wajen 180 ke nan. Mai gashin yashi a tukunya kuwa ta manta da lamba, ta soka tsinke. Kada ki kwaɓa yis da ruwan da ke ƙona yatsa, kashe shi kike yi. Ki kalli bidiyo har ƙarshe kafin ki kunna wuta. Wanda aka yi a minti ɗaya ki sani an yanke jira, albasar da ta yi ja cikin ƙiftawar ido ta daɗe a kasko. In girki ya ƙi, abu ɗaya za ki canza a gwaji na gaba, ba uku ba.

Yanzu ga wadda ke ɓata min rai. Yarinya tana gida ɗaya da goggon da ta shekara talatin tana alkaki da dublan na biki, amma sai ta shige ɗaki tana neman yadda ake alkaki a waya. Wai Goggo ba ta da awo, komai sai ta ce "kaɗan" ko "har ya yi". Awon yana nan, a tafin hannunta yake, ke ce ba ki je kin karɓa ba. Ni yadda nake yi, in goggona za ta yi girki sai in zauna kusa da gwangwanina da cokalina. Duk abin da ta ɗebo, kafin ta watsa sai in ce, "Goggo, tsaya in gani," in juye a gwangwani, in rubuta. Takan yi tsaki ta ce boko ya lalata mu, amma tana miƙo hannun. Kuma in ta ce ƙullu ya yi, nakan tsoma yatsa in ji kaurinsa, don wannan ba ya rubutuwa.

Littafin da nake rubutawa ɗan makaranta ne mai shafi arba'in, duk ya sha manja. Hotunan girkin da na tara a waya sun tafi tare da ita ranar da ta faɗa bokitin wanki. A shafin masa, ƙasan awon Hajiya wanda ta ba ni bayan sati biyu da sunan nan, na ƙara da jan biro: da bazara rabin yis, kuma da asuba za a haɗa.