Kurakuran da aka fi yi wajen kallon namun daji a lokacin dusar ƙanƙara

A karkarar jihohin Minnesota da Michigan na Amurka ko Ontario ta Kanada, da zarar dusar ƙanƙara ta lulluɓe ƙasa daga Disamba zuwa Maris, namun daji kan matso kusa da gidaje: barewa a bayan gida, zomo a gindin shinge, tsuntsaye a bakin taga. Kowace dabba a wannan lokaci da kitsen da ta tara tun kaka take rayuwa, ko da ɗan abin da ta kalato a yini, kuma babu rara. Yawancin ɓarnar da mai kallo ke yi, tausayi ne ke jawo ta.

Babba a ciki shi ne zuba wa barewa masara. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san abin da ke samun tunkiyar da ta faɗa wa buhun hatsi: ciki ya kumbura, ta kwanta, wani lokaci ba ta tashi. Haka barewa take. Da hunturu tumbinta ya riga ya saba da tsinken itace da toho, to idan ta cika shi da masara farat ɗaya sai tsami ya yi yawa, cikin kwana ɗaya zuwa uku ta mutu da cikinta cike. Ga kuma cutar CWD mai lalata ƙwaƙwalwar barewa, wadda ba ta da magani, tana yaɗuwa ta yawu da fitsari inda suka taru kan abinci ɗaya. Shi ya sa aka hana ciyar da su a yankin kudancin Michigan da gundumomi da yawa na Wisconsin. In har kana son taimaka musu, sassabo rassan bishiya ka bar su a ƙasa su ci tohon da kansu.

Tsuntsaye kam ana ciyar da su, amma ba da burodi ba. Yana cika ciki ne kawai. Mai ne suke nema: baƙaƙen 'ya'yan sanfulawa, gyaɗa marar gishiri, da kitsen saniya. Inda ake tafka kuskure shi ne wurin rataye mazubin abincinsu. A sa shi ƙasa da mita 1 daga gilashin taga, ko kuma fiye da mita 9. A tsakanin nan ne tsuntsu ke samun gudun da in ya firgita ya bugi gilashi ba zai kai labari ba. Saboda kurege, a ɗora shi kan sandar ƙarfe mai tsayin mita 1.5, nesa da reshe da kamar mita 3. Duk mako biyu a wanke shi da bilic kashi 1, ruwa kashi 9, ya bushe sarai kafin a sake zubawa. Idan ka ga tsuntsu ya yi buzu-buzu yana lumshe ido, ba ya gudu, sauke mazubin na mako biyu, don cutar salmonela ce ta fi kawo haka. A inda beyar take (babbar dabbar daji da ake kira bear a Turance), jihohi irin su New Hampshire na cewa a cire mazubin daga farkon Afrilu don kada ya jawo ta.

Ruwan shan da ake aje wa tsuntsaye yana daskarewa, amma kada a kuskura a zuba masa gishiri ko maganin hana daskarewa na mota. Guba ne. Ruwa mai ɗumi kowace safiya ya isa.

Sai matsawa kusa don hoto. Dabbar da ta ɗaga kai ta daina ci saboda kai, ka riga ka wuce gona da iri. A gandun dajin Yellowstone na Amurka dokar ita ce mita 23 daga yawancin dabbobi, mita 91 daga beyar da kerkeci. Ma'auni ne mai kyau ko a bayan gidanka. Fita da asuba ko dab da magariba, iska na kaɗowa daga wajensu zuwa gare ka, da madubin hangen nesa. Kare kuwa a ɗaure shi. Idan saman dusar ya yi ɓawo, shi yana gudu a kai, barewa kuwa kofatonta na nutsewa.

Karatun sawu ma yana yaudara. Rana na narkar da gefen sawu, har na kyanwar gida ya koma kamar na damisa, don haka a duba da sassafe, a aje rula a gefe kafin a ɗauki hoto. Dangin kare farcensu na fita, na kyanwa ba ya fita. Dila yana tafiya a miƙe kamar an ja zare, karen gida kuwa nan da can. Shi zomo ƙafafunsa na baya ne ke sauka a gaba, mutane da yawa sai su bi sawunsa a juye.

Kyamarar da ake ɗaurewa a bishiya tana mutuwa ne saboda batir: na gama-gari ba ya jure sanyi, a sa na litiyam. A ɗaure ta a tsayin mita 1 tana kallon arewa, don kada rana ta haske hoton. Wadda ke hannunka kuwa, kafin ka shiga ɗaki mai ɗumi ka sa ta a leda ka ƙulle na awa ɗaya, in ba haka ba raɓa za ta taru a cikin gilashinta.