Ruwa Ba Ya Tsami Banza: Yadda Na Shawo Kan Gansakuka a Tankin Murjanina

Tankina na ruwan gishiri, inda nake kiwon kifin teku da murjani mai rai, mai cin lita 250 ne, yana falo a gidanmu da ke Abuja. Da ya kai wata biyar sai da uwargida ta tambaye ni ko lambun alayyafo na koma yi a cikin gilashi. Ba ta yi ƙarya ba. Duwatsun da na kashe kuɗi na jera duk sun yi gemu kore, yashi ya yi ja kamar an ɓarar da manja, murjani kuwa ya ƙi buɗewa. Wata huɗu na yi kafin ruwan ya dawo daidai, rabin lokacin ma gyaran ɓarnar da na yi da hannuna nake yi.

Kafin ka sayi ko da kwalba ɗaya ta magani, tsaya ka gane da wa kake faɗa. Mu duk gansakuka muke ce musu, amma ba uwa ɗaya ta haife su ba. In tankinka sabo ne ka ga wata ƙura ruwan ƙasa ta lulluɓe yashi da gilashi, wannan dayatom ce, sinadarin silika da ke cikin ruwa take ci, kuma da zarar silikar ta ƙare cikin 'yan makonni za ta tafi da kanta. Ka ƙyale ta. Mai zare-zare kore kamar gashi ita ce ta fi yawa, ita ce ta cinye mini duwatsu. In ka duba da kyau ka ga zaren yana da reshe kamar gashin tsuntsu, to Bryopsis ce, ta fi taurin kai, dabbobi da yawa ma ba sa cin ta. Akwai mai ƙwallo-ƙwallo kore masu sheƙi, Valonia. Sai jan majina mai shimfiɗuwa a kan yashi kamar tabarma, wanda ke ɗagowa falle-falle in ka hura masa ruwa: siyano ke nan, kuma a gaskiya ƙwayar bakteriya ce. Na ƙarshe shi ne daino, majina ruwan ƙasa mai jan zare da 'yan kumfa a kai, da safe ka ga kamar ya tafi, da azahar ya dawo. Riƙe sunansa, zan dawo kansa. Wadda kuwa ke fitowa shunayya ko ruwan hoda, mai tauri kamar fenti a jikin dutse, kada ka kankare ta, alamar lafiya ce.

Abu na farko da na gyara shi ne ruwa. Da ruwan rijiyar burtsatse nake haɗa gishiri, wai don na ga shi garau. Ido ba ya ganin sinadaran fosfet da naitiret da silika da ke narke a ruwa, su ne kuwa takin gansakuka. Kuma lura da wannan: ruwan da zafi ke ƙafarwa tsantsa yake tashi, ya bar gishiri da datti a tanki. Duk ranar da ka cike gurbin da ruwan famfo, taki ka ƙara. A lokacin hunturu nakan cike lita 4 ko 5 a rana, ka lissafa na wata guda. Sayi na'urar tace ruwa ta RO/DI da ɗan ma'aunin TDS, mai nuna yawan abin da ya narke a ruwa. Ruwan da ke fitowa ya nuna 0. Ya fara nuna 1 ko 2, canza garin matatar ƙarshe. Ruwan leda ba zai maye gurbinta ba, na gwada. Kuma wajen cike gurbi ruwa mara gishiri ake zubawa. Gishirin tanki ya tsaya a 1.025 zuwa 1.026 a ma'aunin nauyin ruwan gishiri.

Sai awo. Inda nake son lambobina su zauna shi ne naitiret tsakanin 5 da 10, fosfet tsakanin 0.03 da 0.1, duk a ma'aunin ppm, wato kashi nawa cikin miliyan. A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa: tanki ya cika da gashi kore, ka auna ka ga sifili, ka ce to daga ina? Ai takin yana cikin gashin. Yana fitowa gansakuka ke lashe shi kafin ya kai kwalbar awonka. Sannan dutse da yashi suna shan fosfet su riƙe, ka tsabtace ruwa su sake sako shi a hankali. Shi ya sa aikin ke cin watanni.

Abinci ma sai da na yi wa kaina faɗa a kai. Yarana kowa ya wuce sai ya barbaɗa, ni ma na dawo daga aiki in barbaɗa. Yanzu robar abincin tana saman firji, sau biyu a rana, abin da kifi za su cinye cikin minti biyu. In daskararren abinci ne nakan narkar da shi a kofi, in tace da rariyar shayi, in zubar da ruwan. Soson tacewa kuma a wanke shi duk kwana uku, domin dattin da ya kama yana nan cikin ruwa yana ruɓewa muddin ba ka cire shi ba. Kofin na'urar da ke kwashe datti da kumfa shi ma haka. Fitila na rage ta daga awa 12 zuwa 8, na kuma sa labule a tagar da ke jefo rana kan tankin da la'asar.

Bayan haka sai aikin hannu, wanda babu mai yi maka. Duk Asabar nakan canza kashi 10 cikin 100 na ruwan, lita 25 ke nan. Kashe famfunan motsa ruwa, sa tiyo siriri a cikin bokiti, ka riƙa tsinke gashin da yatsu kana kai shi bakin tiyon ya zuƙe. Kada ka goge shi ka bari ya watse a tanki, shuka ka yi. Dutsen da za a iya ɗagawa, fito da shi ka goge da tsohon buroshin haƙori a cikin ruwan da ka cire, ka ɗauraye, ka mayar. Valonia kuwa murɗe ta a hankali daga tushe, gara a wajen tanki. Sa safar hannu da tabarau, ba wasa nake ba. Wasu murjanai masu laushi irin su Palythoa suna da dafi mai haɗari, kuma kada ka kuskura ka tafasa dutsen tanki ko ka zuba masa ruwan zafi, tururin na iya kwantar da mutanen gida gaba ɗaya.

Dabbobi masu kiwo suna da muhimmanci fiye da yadda na zata, kuma teku ma ta shaida hakan. A 1983 zuwa 1984 wata cuta ta kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na bushiyar teku mai dogon ƙaya, Diadema antillarum, a tekun Karebiyan. A Jamaika dama masunta sun riga sun kwashe kifaye masu cin ciyawa, guguwar 1980 kuma ta farfasa murjani. Da bushiyar ta mutu sai gansakuka ta samu fili. Murjanin da ya rufe kusan rabin ƙasan tekun wurin a ƙarshen shekarun 1970 ya koma ƙasa da kashi 5 cikin 100 a farkon shekarun 1990. Ni katantanwa Trochus guda goma na sa, domin tana jure zafi kuma in ta faɗi rigingine tana iya juyawa da kanta, sai katantanwa Cerith don yashi, da ƙaramar bushiyar teku guda. Amma gajeren gashi suke ci, kamar tumaki. Sai ka yi musu sassabe tukuna. Kada kuma ka zuba hamsin rana ɗaya, abinci ya ƙare su mutu su zama sabon taki. Kifin tang yana kiwo sosai, sai dai tankina ya yi masa kaɗan, ban saya ba.

Yanzu ga kuskurena. Da na ga gashi ya fara fari yana zubewa, sai zalama ta kama ni. Na cika garin GFO mai zuƙe fosfet, na ƙara yawan canjin ruwa, na rage abinci har kifi suka rame. Naitiret da fosfet suka koma sifili na gaske. Garin neman gira na rasa ido: cikin kwana goma daino ya mamaye yashi, katantanwa huɗu suka mutu, domin wasu irin daino suna da guba. Shi daino ruwan da ya talauce yake so, inda sauran ƙananan halittu suka kasa rayuwa suka bar masa fili. Maganinsa ya zama akasin duk abin da na saba. Na cire GFO, na dakatar da canjin ruwa, na ƙara abinci har lambobi suka taso, na sa gawayin tacewa saboda gubar, na haɗa fitilar UV mai kashe ƙwayoyin da ke yawo cikin ruwa da dare. Na kuma rufe tankin da kwali kwana uku, duhu ƙirin, famfuna na aiki. Sai da aka yi mako shida.

Siyano bai ba ni wahala haka ba. Inda ruwa ba ya motsi yake kwanciya, na juya famfo ɗaya ya fuskanci kusurwar, na zuƙe shi da tiyo sau uku, ya tafi.

Zafin Maris da Afrilu da ɗauke wuta su ma suna da hannu. Ruwan ya kamata ya zauna a digiri 25 zuwa 26. Fanka biyu ƙanana da ke hura saman ruwa suna sauke mini kusan digiri 2, famfon motsa ruwa kuma yana kan inbata, domin awanni kaɗan babu motsi sun isa su kashe abin da zai ruɓe ya ciyar da gansakuka wata guda.

A ƙaramin tankin da ke ƙarƙashin babban, wanda ruwansu ke haɗe, yanzu ina noman Chaetomorpha, wata gansakuka mai kama da taliyar da ta cukurkuɗe. Fitilarta da dare take kunnuwa in ta sama ta mutu. Tana cin takin da ragowar za su ci, duk mako biyu in yage rabi in jefa a shara. Waccan Asabar na auna, naitiret 7, fosfet 0.06, kuma shunayyar nan mai tauri ta fara hawa gilashin baya.